Karrama Masu Bincike: Yadda Ƙungiyar Manyan Masana Kimiyya Ta Nijeriya Ke Zaɓen Gwanayenta, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Karkara

Gabatarwa

A kowace shekara Ƙungiyar Manyan Masana Kimiyya ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NAS, takan shirya biki na musamman domin karɓar sababbin mambobi da kuma karrama waɗanda suka yi fice wajen bincike. Labarin bikin yakan fito a rediyo da jaridu na kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya wuce, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin sha'anin farfesoshi da manyan birane kawai. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'ar jiharmu bayani, musamman manoma da makiyaya da hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, a kan ko mece ce wannan ƙungiya, yaya take zaɓen waɗanda take karramawa, kuma me ya haɗa wannan karramawa da rijiyar ƙauye da gonar wake da ɗakin shan magani.

Mece ce wannan ƙungiya?

An kafa ƙungiyar a watan Janairu na shekarar 1977, da masana arba'in da 'yan kai waɗanda suka riga suka yi suna a fannoninsu. Babban ofishinta yana cikin harabar Jami'ar Legas da ke Akoka. Ba makaranta ba ce da ake ɗaukar ɗalibai, kuma ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Taro ne na masana masu zaman kansu, da suka haɗa da likitoci da masana aikin gona da injiniyoyi da masana lissafi da na haɗa sinadarai da na ma'adinan ƙasa. Manyan ayyukanta guda biyu ne: ɗaga darajar bincike na ƙwarai, da kuma bai wa gwamnati shawara wadda aka gina bisa hujja.

Wannan al'ada ta daɗe a duniya. Ingila ta kafa irin tata ƙungiya tun 1660, kuma an kafa ta nahiyar Afirka a 1985, mai hedikwata a Nairobi ta ƙasar Kenya. A nan gida ma akwai takwarorinta da ke kula da wasu fannoni, kamar ta masana harsuna da adabi da tarihi, da ta injiniyoyi, da ta masana harkar ilimi.

Shugabanta na farko shi ne Farfesa Victor Oyenuga, masanin aikin gona na Jami'ar Ibadan, wanda ya shafe shekaru yana auna sinadaran gina jiki da ke cikin abincin da muke ci da kuma abincin dabbobinmu. Cikin waɗanda suka shugabance ta daga baya akwai marigayi Farfesa Umaru Shehu, ɗan asalin Borno kuma masanin kiwon lafiyar al'umma, da Farfesa Oyewale Tomori, masanin ƙwayoyin cuta. A watan Janairu na 2021 Farfesa Ekanem Braide ta zama mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. A Janairun 2025 kuma Farfesa Abubakar Sani Sambo ya karɓi ragama. Shi masanin makamashi ne, wanda ya taɓa jagorantar Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, ya shugabanci Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ya kuma riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa.

Yadda ake zama mamba

Babbar karramawar da ƙungiyar ke yi wa mai bincike ita ce ta zaɓe shi ya zama mambanta. Wanda aka zaɓa yana da ikon rubuta haruffan FAS a bayan sunansa, kuma wannan daraja tana tare da shi muddin ransa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan zaɓe ita ce mu dubi abin da muka gada. A ƙasar Hausa ba a kiran mutum Sarkin Noma don ya faɗa da bakinsa. Sai ya noma dami dubu, manoma 'yan'uwansa sun gani da idonsu, sun ƙirga, sun shaida. Haka nan a tsangaya, almajiri ba ya naɗa kansa gwani; gwanayen da suka riga shi ne ke sauraron karatunsa, su duba rubutunsa, kafin su yarda ya kai. Wannan ita ce ƙa'idar da ƙungiyar masana ke bi: masu sana'a su ne ke auna ɗan'uwansu.

Da farko, wani wanda ya riga ya zama mamba shi ne zai gabatar da sunan wanda yake ganin ya cancanta, tare da cikakken bayanin ayyukansa. Daga nan sai kwamitin masana na fannin da mutumin ya fito ya zauna ya tantance. Bayan haka a kai sunayen da suka tsallake gaban majalisar gudanarwa, daga bisani kuma mambobi su jefa ƙuri'a. Mutane kaɗan ake ɗauka a kowace shekara, shi ya sa akwai farfesoshi masu yawa a ƙasar nan, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da waɗannan haruffa uku.

Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da waɗannan. Na ɗaya, shin mutumin ya gano wani sabon abu, ko kuwa maimaita abin da wasu suka faɗa kawai ya yi? Na biyu, shin an buga sakamakon bincikensa a mujallun masana, inda sai wasu ƙwararru sun bi diddigin aikin sun nemi kurakuransa kafin a yarda a buga? Na uku, shin wasu masu bincike a wasu wurare sun jarraba abin da ya faɗa sun same shi daidai, har suna kafa hujja da shi? Na huɗu, ɗalibai nawa ya horar waɗanda su ma suka zama masu bincike? Na biyar, wane amfani aikinsa ya yi wa jama'a?

Wannan tantancewa tana ɗaukar lokaci, kuma da gangan ne. Manomi mai hankali ba ya yanke hukunci a kan sabon iri da damina ɗaya. Sai ya gan shi a shekarar ruwa da shekarar fari, a jigawa da fadama. Haka aikin mai bincike yake, sau da yawa sai bayan shekaru ashirin ko talatin ake sanin nauyinsa.

A ranar bikin, akan karanta taƙaitaccen tarihin kowane sabon mamba da aikin da ya sa aka zaɓe shi, a gaban iyalinsa da abokan aikinsa da manyan baƙi. Akan kuma gabatar da lacca ga jama'a a kan wata matsala da ke damun ƙasa.

Sauran lambobin yabo

Baya ga zaɓen mambobi, ƙungiyar tana da lambar zinariya da take bai wa wanda bincikensa ya yi tasiri a ƙasa, tana kuma karrama 'yan jarida masu ƙwazo wajen isar da labarin kimiyya ga jama'a. A 2010 ta taimaka aka kafa ƙungiyar matasa masu bincike, domin a riƙa renon masu tasowa tun da wuri.

Gwamnatin Tarayya ma tana da tata lambar girmamawa ta masana, wato NNOM, wadda aka kafa a 1979. Ita wannan ba ta tsaya ga kimiyya kaɗai ba, ta haɗa da adabi da fasaha. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, yana cikin rukunin farko da suka same ta, kuma a 1980 aka ba Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda hotonta ke jikin takardar Naira ashirin. Har ila yau, tun 2004 kamfanin iskar gas na NLNG yake ba da kyautar kimiyya, wadda kuɗinta ya kai Dalar Amurka 100,000. Akwai shekarun da alƙalan wannan gasa suka ƙi bai wa kowa, domin ba su ga aikin da ya kai mizani ba. Wannan kansa alama ce ta cewa kyautar ba ta rabon gyaɗa ba ce.

Abin da ya iso karkara

Mai karatu zai iya tambaya, to mu me muka samu? Bari mu kawo misalai uku waɗanda dattawan kowane ƙauye za su iya shaida.

Na farko shi ne kurkunu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda wannan cuta take kwantar da magidanta a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa, yara su daina zuwa makaranta. Bincike ne ya nuna cewa ƙwayar cutar tana ɓuya ne a cikin wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a ruwan tafki da kududdufi. Idan mutum ya sha ruwan, sai bayan kimanin shekara guda tsutsar ta huda fata ta fito, tsawonta yakan kai mita guda. Idan mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a ruwa don ya ji sanyi, sai ta zuba 'ya'yanta, cutar ta sake zagayowa. Da aka gane haka, sai aka san cewa za a iya karya lagonta ba tare da allura ba: a tace ruwa da ƙyalle, a zuba magani a tafki, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a hana mai ciwo shiga ruwan sha.

Lokacin da aka fara shirin yaƙi da kurkunu a 1988, ƙirgar da aka yi ta nuna mutane fiye da 650,000 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Farfesa Braide, wadda masaniyar tsutsotsi da ƙwarin da ke rayuwa a jikin mutum ce, tana cikin waɗanda suka jagoranci wannan aiki a ƙauyukan kudu maso gabas. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ba da gudummawa, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. An ga mutum na ƙarshe mai ɗauke da cutar a watan Nuwamba na 2008 a jihar Inugu, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu.

Na biyu shi ne shan inna. A 2003 shakku ya shiga zukatan jama'a game da ɗigon rigakafin wannan cuta, har aka dakatar da shi a wasu jihohin Arewa. Kafin a ci gaba da shi a 2004, bayan gwaje-gwajen da aka yi, cutar ta sake bazuwa, ta nakasa yara masu yawa, ta kuma tsallaka zuwa wasu ƙasashe. A wancan lokaci Farfesa Umaru Shehu yana cikin dattawan likitocin da suka tsaya suka tabbatar wa jama'a ingancin maganin, kuma an saurare shi ne saboda an san iliminsa da gaskiyarsa. Shi kuwa Farfesa Tomori ya jagoranci kwamitin ƙwararru da ke bai wa gwamnati shawara a kan kawar da cutar. Sarakunanmu ma sun shiga gaba wajen wayar da kan talakawansu. An ga asalin ƙwayar cutar karo na ƙarshe a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Duk da haka ana ci gaba da ɗiga wa yara rigakafi, domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke ɓulla a inda yaran da aka yi wa rigakafi ba su da yawa.

Na uku shi ne wake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 kuma yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ce ke fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga masu sunaye da suka fara da SAM. A Disambar 2019 aka amince da fitar da irin waken SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. An gyara ƙwayoyin halittar wannan iri ne domin ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, wadda in ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomin da a da yake feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri feshi biyu yakan ishe shi. Kafin irin ya kai hannun manomi sai da aka gwada shi shekaru da dama a wurare daban-daban, hukumar kula da lafiyar irin waɗannan tsirrai ta duba shi, kwamitin ƙasa mai rajistar sabon iri ya amince. Jama'a suna da tambayoyi game da amfanin gonar da aka gyara wa halitta, kuma hakkinsu ne su tambaya. A irin wannan hali ne ake buƙatar masana waɗanda aka auna aka yarda da su, domin su ba da amsa bisa hujja.

Me ya sa ake karramawa?

Dalili na farko shi ne adalci. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Mai bincike yakan ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin gwaji ko a gonar gwaji, da ƙaramin albashi, ba tare da kowa ya san sunansa ba.

Dalili na biyu shi ne rarrabe tsaki da tsakuwa. Gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba zai iya karanta duk binciken da ake yi ba. Idan annoba ta ɓulla, ko wata baƙuwar tsutsa ta afka wa masara, yana buƙatar sanin wanda zai tambaya. Jerin sunayen waɗanda 'yan'uwansu masana suka tantance shi ne wurin da ya kamata a fara dubawa.

Dalili na uku shi ne riƙe masananmu a gida. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa likitoci da malaman jami'a da yawa suna barin ƙasar nan zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara domin bincike, amma Nijeriya ba ta kai ga haka ba, duk da ƙoƙarin da asusun TETFund ke yi wajen tallafa wa manyan makarantu. Lambar yabo ba za ta maye gurbin kayan aiki da albashi ba, amma tana nuna wa mai bincike cewa ƙasarsa ta san da shi.

Dalili na huɗu shi ne yaranmu. Yaro yana sha'awar zama abin da ya ga ana girmamawa. Idan 'yar makarantar firamare ta ji cewa mace ta shugabanci manyan masanan ƙasa, ko ɗan Zariya ko ɗan Maiduguri ya riƙe wannan muƙami, za ta san cewa ƙofar ba a rufe take ba.

Hattara da lambar yabo ta kasuwa

A nan muna so mu ja hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da masu riƙe da sarautu. Akwai masu yawo ofis-ofis da takardun gayyata, suna cewa an zaɓi wane domin a ba shi lambar yabo ko digirin girmamawa, da sharaɗin ya biya wasu kuɗaɗe. Akwai kuma masu sayar da magani a kasuwanni da tashoshin mota, suna nuna takardun yabo da hotuna a matsayin shaidar cewa maganinsu yana warkar da kowace cuta. Tambayoyi uku sun isa a gane gaskiya: Wa ya ba da lambar? Su wane ne suka tantance? A kan wane aiki aka ba da ita? Karramawar gaskiya ba a sayenta, kuma aikin da aka yi ta dominsa a fili yake, kowa na iya dubawa. Game da magani kuwa, lambar rajistar hukumar NAFDAC ita ce abin nema, ba takardar yabo ba. Haka nan kuɗin jama'a bai halatta a kashe shi wajen sayen irin wannan suna ba.

Rawar da za mu taka

Babu binciken da ke yin nasara ba tare da mutanen karkara ba. Kurkunu bai ƙare ba sai da aka sami 'yan sa-kai a kowane ƙauye masu rubuta sunan duk wanda ya kamu, suna kai rahoto kowane wata. Irin wake bai fito ba sai da manoma suka ba da gonakinsu aka gwada. Saboda haka muna kira ga jama'a da hukumomi da su kula da waɗannan abubuwa:

1. Ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa cika littattafan rajista da gaskiya, su kai rahoton duk wata baƙuwar cuta ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba. Ƙirgar ƙarya tana ɓatar da mai bincike, ta ɓatar da gwamnati.

2. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su karɓi masu bincike idan sun zo da takardar izini daga hukuma. Su kuma nemi a yi wa jama'a bayanin manufar aikin da harshen da suke ji, a nemi yardarsu, sa'an nan a dawo a gaya musu sakamako.

3. Sassan aikin gona na ƙananan hukumomi su tallafa wa malaman gona da abin hawa da gonakin nuni, domin su ne gadar da ke tsakanin cibiyoyin bincike da manomi. Manoma kuma su riƙa sayen iri mai ɗauke da shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa.

4. Sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu su riƙa gayyatar masana 'yan asalin yankinsu domin su yi wa ɗalibai jawabi a ranar ba da kyaututtuka, su kuma ƙarfafa wa yara mata gwiwar karatun kimiyya.

5. Ƙananan hukumomi su riƙa karrama nasu gwanayen: ungozomar da ta yi shekaru tana aiki ba gajiyawa, malamin gonar da ya kai sabon iri lungu-lungu, malamin lissafin da ɗalibansa ke cin jarrabawa, manomin da ya ba da gonarsa aka yi gwaji. A kafa ƙa'ida bayyananniya, a bar masu sana'ar su yi zaɓe, a nisanta abin daga siyasa da son kai.

Kammalawa

Bikin da manyan masana ke yi sau ɗaya a shekara ƙarshen doguwar tafiya ne, wadda sau da yawa takan fara daga bakin tafkin wani ƙauye ko kunyar wata gona. Darajar wannan karramawa tana cikin tsananin tantancewar da ake yi kafin a ba da ita, amfaninta kuma yana cika ne idan sakamakon binciken ya dawo ga jama'ar da aka yi shi dominsu. Muna fata shugabanni a kowane mataki za su riƙa neman shawarar masana na gaskiya kafin su yanke hukunci a kan lafiya da noma da ruwan sha, iyaye kuma su ci gaba da tura 'ya'yansu maza da mata makaranta, domin wata rana a ji sunan ɗan wannan jiha ko 'yarta cikin waɗanda ake kira a karrama. Allah Ya yi mana jagora, Ya ba mu damina mai albarka.